Daga Rigar Matse Ciki Zuwa Filin Tsere: Tarihin Tsakiyar Jikin Mace Mai Gudu

A daren Lahadi, 29 ga Satumban 2019, a filin wasa na Khalifa da ke birnin Doha, Shelly-Ann Fraser-Pryce ta ƙasar Jamaika ta cinye tseren mita 100 na gasar duniya cikin daƙiƙa 10.71. Shekarunta 32 a lokacin. Da ta gama, sai ta sungumi ɗanta mai shekara biyu ta zaga filin da shi. A wannan daren kuma, a kan wannan filin, Allyson Felix ta Amurka ta karɓi lambar zinare tare da abokan gudunta a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, wanda ake haɗa maza da mata. Zinarenta na 12 ke nan a gasar duniya, ta zarce Usain Bolt da ɗaya.

Matan biyu sun haɗu a kan wani abin da allon sakamako bai nuna ba. Dukansu ta hanyar tiyatar gaggawa suka haihu: Fraser-Pryce a watan Agustan 2017, Felix kuwa a Nuwamban 2018, cikinta yana da mako 32 kacal, saboda mummunan hawan jini irin na masu juna biyu. A irin wannan aiki, likita yakan yanka fata da tantani mai ƙarfin da ke lulluɓe da tsokokin ciki, ya ɗage tsokokin gefe da gefe kafin ya kai ga mahaifa. Duk wadda aka taɓa yi wa ta san cewa a makonnin farko tari ma aiki ne, balle tashi daga gado. Wata goma ke tsakanin wuƙar likita da zinaren Felix.

Wannan wuri na jiki, daga ƙasan haƙarƙari zuwa ƙugu, yana da dogon tarihi a harkar tseren mata. Shi aka riƙa nunawa da yatsa shekaru da dama a matsayin dalilin hana mace gudu. Yau kuma shi ne wurin da masu horarwa ke cewa daidaiton 'yar tsere da lafiyar ƙafafunta sun dogara a kai. Yadda aka tashi daga wancan ra'ayi zuwa wannan, da kuma gwargwadon gaskiyar da ke cikin sabon, shi ne labarinmu na wannan mako.

Cikin da aka ce a kiyaye

A shekarar 1873, wani likita mai suna Edward Clarke, tsohon malami a makarantar koyon likitanci ta Harvard, ya wallafa littafi kan ilimin 'ya'ya mata wanda ya yi farin jini ƙwarai a Amurka. Hujjarsa ita ce ƙarfin jiki ƙayyadajje ne kamar hatsi a rumbu: in budurwa ta kashe shi a karatu mai zurfi, musamman a kwanakin al'ada, to gaɓoɓin haihuwarta ne za su biya bashin. Ba a daɗe ba aka ɗauki wannan hujja aka ɗora ta a kan wasanni. Gudu da tsalle, in ji likitocin zamanin, suna iya girgiza mahaifa su gusar da ita daga mazauninta.

A daidai wannan zamani ne matan Turai da Amurka masu hali suke ɗaure cikinsu da rigar matse ciki, wadda ake ƙarfafawa da ƙarafa ko ƙashin bakin kifin teku, a ja igiyoyinta ta baya har ƙugu ya tsuke. Rigar tana yi wa jiki aikin da tsoka ya kamata ta yi, tana kuma hana cikakken numfashi. Macen da ta girma a cikinta takan ji bayanta ya gaji da zarar ta cire, sai a ce ai ga shaida, jikin mace ba ya iya tsayuwa da kansa. Rigar ce ta haifar da raunin, raunin kuma ya zama hujjar ci gaba da saka ta.

Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da gasar Olamfik a 1896, ya ƙi amincewa da shigar mata har ƙarshen rayuwarsa. Wata Bafaransa mai suna Alice Milliat ce ta ƙi jira. Ta kafa ƙungiyar wasannin mata ta duniya a 1921, ta shirya musu tasu gasar a Paris a 1922, ƙasashe biyar suka halarta. Ganin abin yana neman fin ƙarfinsu, hukumomin maza suka buɗe ƙofa kaɗan: a Olamfik ta Amsterdam a 1928, an bai wa mata wasanni biyar na guje-guje da tsalle-tsalle. Betty Robinson, 'yar shekara 16 daga Amurka, ta ci mita 100 cikin daƙiƙa 12.2.

Tseren mita 800 ne ya jawo magana. Lina Radke ta Jamus ta ci, ta kafa tarihin duniya, wasu daga cikin abokan gudunta kuma suka zube a ciyawa suna haki, kamar yadda maza ke yi bayan irin wannan tsere. Jaridu suka ƙara wa labarin gishiri, suka zana hoton mata sumammu a warwatse a fili. Aka soke tseren, bai dawo ba sai 1960. Shekara 32 ke nan ba a bar mace ta yi gudun da ya wuce mita 200 a Olamfik ba. Ita kanta mita 200 ɗin sai a 1948 aka shigar da ita, mita 400 kuwa sai 1964.

Amsar da iyaye mata suka bayar

Kafin kimiyya ta ce uffan, ƙafafu sun riga sun ba da amsa. A Olamfik ta Landan a 1948, Fanny Blankers-Koen ta ƙasar Holan ta zo tana da shekara 30 da 'ya'ya biyu, ana ta cewa ta tsufa, ya kamata ta zauna gida ta yi reno. Ta koma da zinare huɗu: mita 100, mita 200, tseren tsallake shinge na mita 80, da miƙa sanda. A mita 200 ta bar ta biyu da tazarar kashi bakwai bisa goma na daƙiƙa, wadda a gajeren tsere tamkar tafiyar yini ce.

Bayan shekara 12, a birnin Rum, Wilma Rudolph ta ci zinare uku. Ita ce yarinyar nan ta jihar Tennessee da cutar shan-inna ta kama tun tana ƙarama, ta yi shekaru tana tafiya da ƙarfe a ƙafar hagu. Ita ma ta haifi 'yarta ta fari a 1958, shekara biyu kafin Rum.

Matan nan ba su san wani horo mai suna na musamman don tsakiyar jiki ba. Abin da ke akwai a lokacin shi ne gudu, tsalle, motsa jiki irin na makaranta, da jifan ƙwallo mai nauyi. Ɗaga ƙarfe kuwa an daɗe ana hana mata shi, wai zai mayar da su maza. Har maza 'yan tsere ma wasu masu horarwa suna gaya musu ƙarfe zai ɗaure musu tsoka ya rage musu sauri. Sai a shekarun 1970 da 1980 ɗakin ɗaga ƙarfe ya zama wurin zuwan 'yar tsere ba tare da an yi mata kallon banza ba. A Amurka, dokar 1972 da ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da gwamnati ke tallafa wa ta taimaka wajen buɗe wa mata waɗannan ɗakuna da guraben karatu.

Ilimin da ya taso daga wajen fili

Abin da ake kira horon tsakiyar jiki a yau bai tsiro a filin tsere ba. Rafuka uku ne suka haɗu suka samar da shi.

Na farko ya fito daga Suwidin, inda Pehr Henrik Ling ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a Stockholm a 1813, tsarin da ya ba da muhimmanci ga miƙewar baya da daidaiton tsayuwa. Wata ɗalibar wannan cibiya, Martina Bergman-Österberg, ta buɗe kwalejin horar da malamai mata a Landan a 1885, daga baya ta mayar da ita Dartford. Ɗalibanta sun ajiye rigar matse ciki suka koma sakakkiyar riga mai ba jiki damar motsi.

Na biyu shi ne Joseph Pilates, Bajamushen da aka haifa a 1883. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riske shi a Ingila, aka tsare shi da sauran Jamusawa a sansanin Knockaloe da ke tsibirin Man, inda ya riƙa koya wa 'yan'uwansa fursunoni motsa jiki. A tsakiyar shekarun 1920 ya ƙaura zuwa New York ya buɗe ɗakin horo. Mafi yawan waɗanda suka riƙe shi 'yan rawar dandamali ne, galibinsu mata, masu zuwa da ciwon baya da na gwiwa. Koyarwarsa ta ginu a kan cewa kowane motsi daga tsakiya yake farawa, gaɓoɓi biye suke. Ya rasu a 1967, sunansa bai wuce wani ƙaramin da'ira ba.

Na uku likitan mata ne a Los Angeles, Arnold Kegel. A 1948, shekarar da Blankers-Koen ta tara zinarenta, ya wallafa sakamakon aikinsa da ke nuna cewa tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa, tsokoki ne kamar kowaɗanne: haihuwa tana iya raunana su, atisaye kuma yana ƙarfafa su. Wurin da likitocin ƙarni na 19 suka ce a lallaɓa, shi ya ce a ba shi aiki.

Ɗakin gwaji ya sa baki

Kimiyyar abin ta zo ne ta ƙofar ciwon baya. Gwaje-gwajen da aka yi da ƙashin bayan gawa sun nuna abin mamaki: in aka raba ƙasan ƙashin baya da tsokokinsa, nauyin da bai kai kilo 10 ba ya isa ya tanƙwara shi. A 1992, Manohar Panjabi na Jami'ar Yale ya bayyana cewa tsayuwar ƙashin baya aikin haɗin gwiwa ne tsakanin ƙasusuwa da jijiyoyinsu, tsokokin da ke kewaye, da ƙwaƙwalwar da ke ba tsokokin umarni a kan lokaci.

Wannan batu na lokaci shi ne wanda Paul Hodges da Carolyn Richardson na Jami'ar Queensland a Ostiraliya suka bi. A 1996 sun sa mutane su ɗaga hannu da sauri, suna auna wutar da ke gudana a tsokokin cikinsu. A jikin masu lafiya, tsokar da ta fi kowace zurfi a ciki, wadda ta zagaye ƙugu kamar ɗamara, takan ɗaure tun kafin hannun ya motsa. Jiki yana yin shiri kafin girgiza ta iso. A jikin masu ciwon baya kuwa, tsokar tana makara da ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa.

Daga wannan ƙaramin bincike, mai mutum 30, aka gina kasuwa guda. Likitocin fisiyo suka fara koya wa marasa lafiya shafe ciki, wato jan cibiya zuwa ƙashin baya. Babbar ƙwallon roba da aka fara amfani da ita a asibitocin Suwizalan tun shekarun 1960 ta cika ɗakunan motsa jiki. A shekarar 2000 wata kotu a New York ta yanke hukuncin cewa sunan Pilates ba mallakin kowa ba ne, sai azuzuwansa suka bazu kamar wutar daji. Kalmar da Turawa suka zaɓa wa wannan sashe na jiki, mai ma'anar cibiya ko ƙwayar abu, ta zama ruwan dare a bakin kowane koci.

Amma tun a lokacin akwai mai ja. Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya nuna cewa babu tsoka ɗaya tilo da ke riƙe da ƙashin baya, kuma ɗaure dukkan bangon ciki, kamar mai jiran naushi, ya fi shafe ciki ba da kariya. Ya fi son atisayen da ke koya wa jiki ƙin lanƙwasa: dogara a gefe guda a kan gwiwar hannu, jiki a miƙe kamar katako, ko durƙuso a kan hannaye da gwiwoyi ana miƙe hannu ɗaya da ƙafar da ke ɗaya gefen ba tare da ƙugu ya karkata ba.

Abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido

Domin mai karatu ya gane dalilin da masu horar da 'yan tsere suka karɓi wannan ilimi, sai ya dubi abin da jiki ke yi a tseren mita 100. Ƙwararriya takan gama shi da taku wajen 50. Bayan ta bar wurin tashi, babu lokacin da ƙafafunta biyu ke ƙasa tare. Ko dai tana kan ƙafa ɗaya, ko tana cikin iska. A ganiyar gudu, ƙafar ba ta wuce kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa a ƙasa. A cikin wannan ɗan lokaci take dukan ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinta sau da dama. Binciken da Peter Weyand da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 ya nuna cewa babban abin da ya bambanta mai sauri da marar sauri shi ne ƙarfin wannan duka, fiye da saurin juya ƙafafu a iska.

Tsakiyar jiki kamar ɗaki take. Rufinta tsokar numfashi, daɓenta tsokokin ƙasan ƙugu, bangonta na gaba da na gefe tsokokin ciki, na baya kuma tsokokin ƙashin baya. In duka suka ɗaure tare, matsi yana ƙaruwa a ciki, gangar jiki ta yi tauri kamar tayar da aka cika da iska. A kan wannan taurin ne manyan tsokokin ɗuwawu da na cinya ke dogara su ja ƙafa. Taɓaryar da ke lanƙwasa a tsaka ba ta daka, kome ƙarfin hannun mai riƙe da ita. Haka in ƙugu ya zube gefe guda a kowane taku, ko kafaɗu suka riƙa murɗawa fiye da kima, wani ɓangare na ƙarfin da aka tara don zuwa gaba ya tafi a banza.

A wasu wuraren buƙatar ta fi fitowa fili. Mai gudun mita 200 tana shiga kwana a karkace, cikin layin da faɗinsa mita 1.22 ne, kuma taka layin ciki yana iya jawo kora. Mai tsallake shinge kuwa tana da shingaye goma a gabanta, tsayin kowane santimita 83.8, tazarar mita 8.5 a tsakaninsu, taku uku take yi ta sake tashi. Ranar da Tobi Amusan ta Najeriya ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a Eugene, a watan Yulin 2022, wanda ya kalli faifan a hankali zai ga ƙafafu suna aiki kamar almakashi, hannaye suna yankan iska, amma daga ƙugu zuwa kafaɗa jikin yana dawowa daidai a kowace sauka.

Ina mata suka shigo?

An daɗe ana cewa faɗin ƙugun mace yana sa gudunta ya fi cin ƙarfi. A 2015, Anna Warrener da abokan aikinta suka auna ƙugun maza da mata da na'urar hoton cikin jiki, suka auna iskar da suke shaƙa a tafiya da gudu, suka tarar faɗin ƙugu ba ya ƙara tsadar motsi. Wannan tsohuwar hujja ma ta bi sahun ta mahaifa.

Inda aka sami bambanci mai amfani shi ne wajen rauni. A 2004, Darin Leetun da abokansa suka gwada 'yan wasan jami'a 140, masu ƙwallon kwando da masu guje-guje. Matan sun gaza mazan a ƙarfin tsokokin gefen ƙugu da juriyar tsokokin gefen ciki, kuma waɗanda suka kammala kakar wasa lafiya sun fi waɗanda suka ji rauni ƙarfin ƙugu. A 2007, Bohdanna Zazulak da abokan aikinta a Yale suka bi 'yan wasa 277 tsawon shekara uku. Sun fara da auna yadda gangar jikin kowa ke kaucewa in aka saki nauyin da ke janta ba zato. Matan da jikinsu ya fi kaucewa, musamman zuwa gefe, su ne suka fi samun raunin jijiyoyin gwiwa daga baya. A wajen maza alaƙar ba ta fito haka ba.

Sai kuma tsokar bayan cinya, wadda ita ce babbar abokiyar gabar kowane ɗan tsere. Tana manne da ƙashin ƙugu ta sama, saboda haka in ƙugu ya tuntsura gaba a ganiyar gudu, sai ta ƙara miƙewa a daidai lokacin da take ɗauke da nauyi mafi girma. A 2004, Marc Sherry da Thomas Best a Wisconsin suka raba 'yan wasa 24 masu wannan rauni gida biyu. Rukuni ɗaya ya yi miƙa da ƙarfafa tsokar kaɗai, ɗayan ya yi atisayen zafin nama da na daidaita gangar jiki. Cikin shekara guda, 7 daga cikin 10 na rukunin farko sun sake jin raunin; a rukuni na biyu, 1 daga cikin 13. Adadin mutanen kaɗan ne, amma sakamakon ya sauya yadda ake jinyar wannan rauni a wurare da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa tsagar tana sama da inda ciwon ya bayyana.

Da aka zo lissafi

Kariya daga rauni daban, ƙarin sauri daban. A nan ne alƙawarin kasuwa ya fi abin da ke cikin buhu. Wani bincike a Ostiraliya a 2004 ya sa matasa 'yan wasa maza su yi mako shida suna atisaye a kan ƙwallon roba. Sun ƙware a gwajin tsakiyar jiki, amma ingancin gudunsu bai canza ba. A 2010 Eyal Lederman ya wallafa maƙalar da ta kira yawancin abin da ake faɗa kan batun tatsuniya. A 2012 kuma wani nazari da ya tattara bincike 24 ya kammala da cewa amfanin wannan horo ga bajintar ɗan wasa ɗan kaɗan ne, kuma yana da wuyar rabewa, domin kusan kullum ana haɗa shi da wasu atisayen.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dogaro a kan gwiwar hannu na minti biyu yana koyar da juriya a tsaye cik. Tsere kuwa yana neman ɗaurewa da saki cikin ɓangaren daƙiƙa, a kan ƙafa ɗaya, ana cikin tafiya. Masu bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila, da suka ɗauki hoton tsokokin 'yan tsere, sun tarar babbar tsokar ɗuwawun manyan zakaru maza ta fi ta na ƙasa da su girma da kashi 45 cikin 100. Binciken da suka biyo da shi a kan mata ya sake nuna tsokokin da ke ɗaga cinya da masu tura ta baya. Injin gudu yana kewaye da ƙugu. Bangon ciki da na baya su ne mazaunin da aka ɗaure injin a kai.

Saboda haka masu horarwa na yanzu suka rage zaman tabarma. Atisayen riƙe jiki a miƙe yana nan a matsayin harsashi, musamman ga masu tasowa da masu dawowa daga jinya. A kansa ake ɗora tsugunno da ƙarfe, hawa benci da ƙafa ɗaya, tafiya da nauyi a hannu guda, jifan ƙwallo mai nauyi, jan kaya a guje, tsalle-tsalle, sannan gudun kansa a cikakken sauri, wanda babu atisayen da ya kai shi tilasta wa tsakiyar jiki yin aikinta.

Giɓin da ya saura

Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya duba maƙalu fiye da 5,000 da suka fito a manyan mujallun kimiyyar wasanni daga 2014 zuwa 2020. Kashi 6 cikin 100 ne kawai aka yi a kan mata zalla, kashi 31 kuma a kan maza zalla. Ma'ana, yawancin shawarar da ake bai wa 'yar tsere kan jikinta, daga jikin namiji aka aro ta.

Babu inda wannan giɓi ya fi ciwo kamar daɓen ɗakin nan, wato tsokokin ƙasan ƙugu. Tun a 1994 wani bincike a Amurka ya gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na 'yan wasan jami'a mata, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, suna fuskantar ɗigar fitsari yayin wasa. Kari Bø ta ƙasar Norway ta shafe shekaru tana nuna cewa matsalar ta yawaita a wasannin da ke da tsalle da dukan ƙasa, kuma horar da waɗannan tsokoki magani ne mai aiki. Kunya tana hana 'yan mata faɗa, kocin da bai sani ba kuma ba zai tambaya ba. Atisayen ciki mai tsanani ga macen da daɓenta bai warke ba yana iya ƙara matsin da ke tura shi ƙasa. Shi ya sa dawowa bayan haihuwa take farawa daga numfashi da tsokokin ƙasa, a ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin, kafin a kai ga ƙarfe da gudu.

Likitocin ƙarni na 19 sun ga wani abu na gaskiya, cewa ciki da haihuwa suna taɓa wannan sashe na jikin mace ta hanyar da ba su taɓa na namiji. Kuskurensu yana cikin maganin da suka rubuta, wato zama wuri ɗaya. Kuma hukuncin nasu ya daɗe bai mutu ba, ya dai sauya riga. A watan Mayun 2019 Felix ta fito a jaridar New York Times ta bayyana yadda kamfanin Nike ya nemi rage mata kuɗin kwantiragi a lokacin da take zama uwa. Kafin ƙarshen Agustan shekarar, kamfanin ya sanar da sabuwar ƙa'idar kare kuɗin 'yan wasa masu juna biyu na tsawon wata 18. A Olamfik ta Tokyo, Felix ta ƙara tagulla a mita 400 da zinare a miƙa sanda, lambobinta na Olamfik suka kai 11. Fraser-Pryce kuwa ta sake cin mita 100 ta duniya a 2022 cikin daƙiƙa 10.67, tana da shekara 35, ta fi gudun da ta yi a Doha sauri.

Maganar cewa gudu da tsalle suna lalata cikin 'ya mace ba baƙuwa ba ce a kunnuwanmu. Yarinyar da ke cinye tseren gasar gidaje a makarantar firamare sau da yawa takan daina gudu da zarar ta fara zama budurwa, a daidai shekarun da jikinta ke sauyawa, ƙugunta da gwiwoyinta suka fi buƙatar a koya musu ƙarfi. Mafi yawan abin da wannan tarihi ya tace ya bari ba ya neman na'ura: tabarma, dakali, buhun yashi, fili mai laushi, da malamar wasanni da ta san dalilin kowane motsi kuma yarinya za ta iya gaya mata abin da take jin nauyin gaya wa namiji. Ƙasar da ta fitar da Mary Onyali da Falilat Ogunkoya da Tobi Amusan ba ta rasa ƙafafu ba. Abin da iyaye da shugabannin makarantu za su yanke shi ne ko yarinyar da ta zo ta ɗaya bana za ta tsaya a layin tashi baɗi.